Kwalin Wofi da Littattafan da Anka Rubuta a Kanshi

Yau tarihin kwali zan ba ka, irin wanda ake zubo sabuni ko sukari ko madara a ciki. Kada ka yi dariya tukuna. A ƙasashen Turawa, musamman Amurka da Ingila, akwai littattafan yara masu hotuna waɗanda ba su da wani zance sai na yaro da kwali. Manyan mutane sunka zamna sunka rubuta su, masu zane sunka yi musu hotuna, anka buga dubbai, har waɗansu sunka ci lambar yabo. Ranar da na fara ganin ɗaya daga cikinsu, lokacin da ake koya muna aikin koyarwa, cewa na yi a raina lalle waɗanga mutane abinci ya ishe su. Daga baya na bi sawun littattafan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ashe gardama ce a cikinsu, tsohuwar gardama wadda ke akwai a gidanka da gidana. Babba ya ce wanga abu shara ne, yaro ya ce a'a, mota ce. Bari ka ji yadda marubuta sunka yi ta shari'ar gardamar nan cikin shekara 50 da ɗoriya.

Mu fara da kwalin kanshi, don cikin zancen nan shi ne ƙaramin yaro. Littafin yara mai hotuna ya girme shi nesa ba kusa ba. Tun a 1658 wani malami mai suna Comenius, mutumin ƙasar da ake ce ma Cek yanzu, ya fitar da littafin koyon karatu wanda kowane darasi ke da hotonshi: ga zanen abu, ga sunanshi da Latin da Jamusanci. Amma ko ka bi littattafan yara na shekara 200 da sunka biyo baya, ba ka ganin yaro cikin kwali, don babu kwalin da yaro zai shiga. Kaya a wancan zamani cikin akwatin katako suke tafiya, ko ganga, ko buhu, kuma waɗanga ba abin yarwa ba ne, in an juye kaya sai a sake zuba waɗansu. A 1885 wani marubuci na ƙasar Sikotilan, Robert Louis Stevenson, ya buga littafin waƙoƙin yara. Cikin waƙa guda, yara biyu sun gina jirgin ruwa bisa matakalar bene, da kujerun ɗakin kwana da matasan kai. Ka gani, wasan shina nan tun can, yaro bai jira kowa ba. Kujera ce ke shan wahalar, kuma kujera tana da mai ita. In dare ya yi dole a maida ta wurinta, jirgi ya watse.

Yanzu ɗauki guntun kwali ka dubi bakinshi. Za ka ga takarda biyu a shimfiɗe, tsakaninsu akwai ta ukku mai lanƙwasa kamar kwanon rufi. Wagga ta tsakiya ita ce ƙashin bayan kwali, ita ke sa shi ɗauki nauyi alhali shi kanshi ba shi da nauyi. A 1856 anka yi rajistar takarda mai lanƙwasa a Ingila, amma ba don ɗaukar kaya ba, cikin dogayen hulunan Turawa ake liƙa ta. A 1871 wani Albert Jones na birnin Niyok ya yi dabarar naɗe kwalabe da gilashin fitila da ita, don kada su fashe a hanya. Bayan shekara ukku Oliver Long ya manna mata shimfiɗaɗɗar takarda, ta ƙara ƙarfi. Sai kuma Robert Gair, haifaffen Sikotilan shi ma, wanda ke buga buhunan takarda a Niyok. Ana ba da labari cewa a 1879 ƙarfen injin nashi ya goce daga wurinshi. Ƙarfen da aikinshi shi ne yi ma takarda layin ninki, sai ya yanke ta, buhuna masu yawa sunka lalace. Gair ya dubi ɓarnar da kyau, ya ga ashe injin guda na iya yanka da yin layin ninki a bugu ɗaya. Daga nan anka samu akwatin takarda wanda ake bugawa a shimfiɗe, dubbai cikin yini, sai an zo zuba kaya a tada shi tsaye. Kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka ba su yarda da kwali ba da farko, sunka riƙa karɓar kuɗɗin dako mai tsada bisa kayan da ke cikinshi, sai a 1914 hukuma ta hana su. Akwatin katako ya fara ja da baya.

Abin da nike so ka riƙe shi ne wanga: kwali ya yi araha har ya kai a yar da shi. Bayan an ƙare yaƙin duniya na biyu a 1945, gidajen Amurka sunka cika da firigo da telebijin da injin wanki. Kowane ɗaya cikin kwali shike zuwa, kwali wanda ya fi yaro tsawo. A fitar da kaya, a jingine kwalin a waje shina jiran motar shara. Babu mai shi, babu wanda zai yi faɗa in an huda shi ko an yi mishi rubutu. A cikin waɗanga shekaru ne kuma littafin yara ya yi araha. A 1942 anka fara saida ƙananan littattafai masu launi da ake ce ma Little Golden Books a kan kwata guda na dalar Amurka, har cikin shagunan da ake sayen kayan gida. Kwali da littafi sunka tarar da juna a tsakar gida guda. Duk da haka sai da anka jima kafin ɗaya shi shiga cikin ɗayan.

A 1964 Ezra Jack Keats ya fitar da Whistle for Willie, wato yi ma Willie fito. Keats ɗan talakawa ne, an haife shi a 1916 a unguwar Burukilin ta Niyok, unguwar da Gair ya gina manyan masana'antunshi na kwali. Yaron littafin, Peter, baƙar fata ne, abin da ba a cika gani ba cikin littattafan yaran Amurka a lokacin. Peter shina son shi iya fito don shi kira karenshi Willie, wani dogon kare mai gajerun ƙafafu. Ya hango karen tafe, sai ya shige cikin wani kwalin wofi da anka yar a bakin hanya, da niyyar shi yi fito kare shi rasa inda sauti ya fito. Ya hura, ya hura, iska kawai. Kare ya wuce abinshi. Peter ya tafi gida shina jan layi da alli, ya sa hular ubanshi ko girma zai sa fito shi zo, bai zo ba. Can daga baya ya sake shiga kwalin, ya hura, sai ga fito na gaske, kare ya tsaya shina waige-waige. A nan kwali bai zama mota ba tukuna, bai zama jirgi ba. Maɓoya ce. Amma Keats ya lura da abin da kowane yaro ya sani: cikin kwali babu mai ganinka, kana iya gwada abin da ba ka iya ba, ka kasa, ba wanda zai yi maka dariya.

Littafin da ya ɗauki gardamar gaba da gaba ya fito a 1971. Sunanshi Christina Katerina and the Box, wato Christina Katerina da kwali. Patricia Lee Gauch ta rubuta, Doris Burn ta yi zanen. Bari in ba ka labarin da ɗan tsawo, don shi ne uban sauran.

An kawo sabon firigo gidansu Christina. Uwar tana kallon firigo tana murna, yarinyar tana kallon kwalin tana murna. Uwar ta so a fitar da shi, yarinyar ta roƙa, anka bar mata shi a ƙofar gida ƙarƙashin itace, wai na ɗan lokaci. Ubanta ya yanka mata ƙofa da taga, ta yi zane a jiki, kwali ya zama gidan sarauta. Tana da aboki, maƙwabci, ana ce mishi Fats, yaro mai ɓarna irin wanda kowace unguwa ke da nata. Sunka yi faɗa, Fats ya shure gidan sarauta ya faɗi. Uwar ta fito da sauri, ta ce to tun da ya faɗi sai a kai shi shara. Yarinyar ta nuna mata ba ta gane ba: kwali a kwance ai ɗakin ƙungiya ne. Anka yi kwanaki ana taro a ciki, har ranar da Fats ya hau rufin ya zamna, rufi ya lotsa. Uwar ta sake fitowa. Yarinyar ta ce wurin da ya lotsa mazaunin direba ne, abin ya zama motar tsere. Fats ya ce zai gyara injin, ya farke gaban motar, kwali ya baje a ƙasa. Uwar ta fito karo na ukku. Yarinyar ta zana ɗakuna bisa shimfiɗaɗɗen kwalin, ta ce daɓen babban gida ne, za a yi biki. Bayan biki Fats ya kawo tiyo wai zai wanke daɓe. Ka san abin da ruwa ke yi ma kwali. Ya narke, uwar ta share tarkacen, ta yi ajiyar zuciya. Ba ta gama hutawa ba sai ga yarinyar da labari: an kawo ma uwar Fats injin wanki da na busar da tufafi. Kwali biyu ke nan, kuma har sun riga sun zama jiragen ruwa, suna tafe ƙofar gida.

Ka lura da abu biyu. Na farko, kowace rikiɗa ta kwalin daga ɓarna ta fito. Ba a ƙara ma yarinyar komai ba, ragewa ake yi, ita kuma tana duban abin da ya rage ta raɗa mishi sabon suna. Na biyu, uwar ba muguwa ba ce. Mace ce mai son ƙofar gidanta da tsabta, maƙwabta na wucewa suna gani. Ni kam ina tausaya mata, don na san abin da ake ce ma matar da shara ta kwana a ƙofar ɗakinta. Gauch ba ta ci mutuncin uwar ba, ta dai bar ta tana shan kaye sau huɗu a jere, kuma mai karatu ƙarami shina jin daɗin kowane ɗaya. A 1971 ke nan, babba na cikin hoto, da fuskarshi da tsintsiyarshi, kuma shina da hujja.

Tsakanin 1985 da 1995 wani mai zanen barkwanci, Bill Watterson, ya riƙa fitar da labarin wani yaro ɗan shekara shidda, Calvin, da damisarshi ta tsumma, Hobbes, cikin jaridu. Ba littafin ƙananan yara ba ne, amma ba a yin tarihin kwali a tsallake shi, don jaridu fiye da 2,000 sunka riƙa ɗaukar zanen. A 1987 Calvin ya kife kwali, ya yi rubutu a jikinshi, ya ce injin rikiɗa ne: ka shiga ƙarƙashi, a juya kibiya wajen sunan dabbar da kake so, ka fito ka zama ita. In ya kwantar da kwalin a gefe, ya zama injin da ke fitar da mutum kashi-kashi kamar takardar fotokopi. In bakin na sama, mota ce mai kai mutum zamanin da ya wuce. Kwali guda, injin ukku, bambancinsu wajen da baki ya duba da abin da anka rubuta. Wanga ya burge ni ƙwarai, ni da aikina shi ne koya ma mutane rubutu. Kalma guda bisa kwali ta ishi yaron. Kuma ka riƙe wani abu game da Watterson, za mu komo kanshi: ƴan kasuwa sun yi ta binshi da kuɗɗi masu yawa don shi yarda a ƙera ƴan tsana da kayan wasa da siffar Calvin da Hobbes, ya ƙi.

Zuwa shekara ta 2000 uwa ta sauya sheƙa. Cikin littafin Marisabina Russo mai suna The Big Brown Box, wato babban kwali mai ruwan ƙasa, yaro ya samu kwalin injin wanki, ya hana ƙanenshi shiga. Uwar ba ta zo da tsintsiya ba, nemo ma ƙaramin nashi ɗan kwali ta yi, rigima ta mutu. Bayan shekara biyar kuma abin ya kai gidan tarihi. A garin Rocesta na jihar Niyok akwai wani gida da ake ajiye kayan wasan yara na da da na yanzu, kuma kowace shekara ana zaɓen kaɗan a sa su cikin jerin waɗanda sunka fi daraja. A 2005 anka zaɓi kwalin wofi, anka jera shi da keke da ƴar tsana Barbie. Abin da motar shara ke kwashewa ya samu kujera cikin manya.

Shekara guda bayan haka, a 2006, Antoinette Portis ta fitar da Not a Box, ma'ana ba kwali ba ne. Shi ne wanda na ce maka na fara gani. Bangonshi ruwan ƙasa ne, mai kaushi, ka taɓa ka ce kwali ka taɓa. A ciki babu gida, babu ƙofar gida, babu uwa. Ɗan zomo ne kawai da kwalinshi, an zana su da baƙin layi bisa farar takarda. Wata murya, wadda ba a nuna mai ita ba, tana tambayarshi don me shike zamne cikin kwali. Zomo ya musa. Ka buɗe shafi na gaba, sai ka ga baƙin zanen shina nan yadda shike, amma an bi ta kanshi da jan layi, jan layin ya fitar da motar tsere. Muryar ta sake tambaya don me ya hau kan kwali: jan layi ya nuna ƙololuwar dutse. Don me shike fesa ma kwali ruwa: bene ne ya kama wuta, shi ɗan kwana-kwana ne. Don me ya sa kwali a jiki: mutum-mutumin ƙarfe ne mai tafiya. Tambaya na ƙaruwa, haushin zomo na ƙaruwa. Daga ƙarshe muryar ta gaji, ta ce to in ba kwali ba ne, mine ne? Zomo ya yi tunani, ya ɗauki musun nan nashi ya maida shi sunan abin, ya shiga kumbo ya tashi sama.

Dabarar layi biyu ita ce dukan littafin. Baƙi shi ne abin da babba ke gani, ja shi ne abin da yaro ke gani, kuma duka biyun suna shafi guda, ba wanda ya goge wani. Kalmomin ba su da yawa, kuma su ne ke ta komowa, shi ya sa a 2007 anka ba littafin lambar yabo ta littattafan masu fara koyon karatu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san amfanin wanga. Mai koyo in ya gamu da kalma sau ɗaya baƙuwa ce, in ya gamu da ita sau shidda ta zama ƴar gida. Ga kuma abin da ya fi: rubutun ba shi faɗin abin da kwalin ya zama, hoto ne ke faɗi. Saboda haka yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba shina riga mai karanta mishi sanin amsa. Babban ne ke karanta tambayar wauta da bakinshi, ƙaramin ke gyara mishi. Ka tuna a 1971 uwa tana da fuska da hujja. A nan babba ya koma murya kawai, kuma duk abin da ya faɗa kuskure ne. Portis ta sake yin wani a kan sanda, da ɗan alade a madadin zomo, ita ma sandar anka kai ta gidan tarihin nan na Rocesta a 2008.

Daga nan ƙofa ta buɗe, littattafan kwali sunka yi yawa. Ba duka ke da daɗi ba. Wanda na fi so cikin na baya shi ne On Sudden Hill, na Linda Sarah da mai zane Benji Davies, wanda ya fito a Ingila a 2014. Abokai biyu, Birt da Etho, kullum suna jan kwalayensu zuwa kan wani tudu. Wata rana yaro na ukku, Shu, ya zo da nashi kwali ya ce a yi da shi. Etho ya yarda. Birt ya ji kishi, ya koma gida ya tattake kwalinshi, ya daina fita. Sai da sauran biyun sunka haɗa wata babbar mota ta kwalaye sunka kawo mishi har ƙofa. Babu babba cikin rigimar ko kaɗan, zancen ya koma na zumunci da kishi, kwali kuwa kowa ya riga ya yarda da shi.

To, a nan ne nike da ƴar magana. Da manya sunka gama yarda cewa yaro ke da gaskiya, sai sunka shiga wasan da ƙafa biyu. A 2016 Jane Yolen, wadda ta rubuta littattafai ɗaruruwa, ta fitar da What to Do with a Box, wato abin da za ka yi da kwali. Chris Sheban ya yi hotunan bisa kwali na gaske, kuma suna da kyau, ban musa ba. Amma dubi sunan. Christina Katerina ba ta tambayi kowa abin da za ta yi da nata ba. Yanzu babba ne ke jera ma yaro shawara. A 2018 kamfanin Nintendo na Japan ya kai abin ƙarshe. Ya fitar da wani kaya mai suna Labo: faifan wasa da fallayen kwali yankakku, da layin ninki a jiki irin na Gair, yaro shi bi umurni a allon na'ura shi ninka, shi samu piyano ko sandar kamun kifi. A lokacin, kuɗɗin ƙaramin ƙunshi dalar Amurka 70 ne, kusan jika 40 na kuɗɗinmu, ban da na'urar kanta. Kwali ya faro daga abin da ba shi da mai shi, ba shi da suna, ya zo ya zama abin saye wanda anka riga anka raɗa ma suna tun daga masana'anta. Yanzu ka gane abin da Watterson ya ƙi.

Wataƙila tun ɗazu kana cewa a ranka: mu ina munka ga kwalin firigo a bakin hanya? Gaskiyarka. Duk littattafan nan ɗiyan ƙasashen da kwali shara ne. A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa kwali kaya ne, shina da mai shi, har saida shi ake yi. Mai tebur shina shimfiɗa haja a kai. Mai gadi shina kwana a kai. Mai tsire shina fifita wuta da guntunshi. Lokacin ɗari a toshe taga da shi, mai kiwon kaji shi zuba ƴan tsaki a ciki, matafiyi shi ɗaure shi da igiya shi aza bisa mota. Kafin kwali shi kai hannun yaro ya bi ta hannu huɗu ko biyar. In uwa a nan ta amshe kwali daga hannun ɗanta, ba tsabtar ƙofar gida ta dame ta ba, buƙatarshi take.

Cikin littattafan Turawa akwai guda da ya san wanga hali. Galimoto, na Karen Lynn Williams da mai zane Catherine Stock, ya fito a 1990. Williams ta zamna a ƙasar Malawi, can labarin ya faru. Galimoto da harshen Cicewa mota ke nan, kuma haka yara ke kiran motar waya da suke turawa. Kondi, ɗan shekara bakwai, shina da tsohon kwalin takalmi inda shike ajiye dukiyarshi. Ya ce yau zai ƙera galimoto. Wanshi ya yi mishi dariya, ya ce wayarshi ba ta isa ba. Kondi ya yini shina yawo, ya yi musaya da aboki, ya roƙa a shago, ya je wurin injin niƙa, ya tona juji, manya na kora shi, har ya tara abin da ya ishe shi. Kafin dare mota ta tashi. Kwalin a nan ƙarami ne, taska ce kawai, kuma wahalar yaron ba ta shawo kan uwa ba ce, ta samun kayan aikin ce. Wanga labari kam ko ba a fassara maka ba ka san shi. Ka yi dokin kara, ka hau ka yi sukuwa har ƙura ta tashi. Ka fere ɓawon kara ka soka cikin totuwa ka yi mota da gilashin ido. Ka yi shanun laka a bakin tabki bayan ruwan sama. Ƙanwarka ta tuƙa tuwon ƙasa cikin gwangwanin tumatir ta ce ka ci, ka kai baki ka ce ya yi daɗi. Gidan tarihin Rocesta sai a 2008 ya gano sanda. Littafin da zai zana karan nan da baƙin layi, shi zana dokin da jan layi, da Hausa a ƙarƙashi, shi ne ban taɓa riƙewa a hannuna ba, kuma magidantan da ke zuwa ajina da dare, in sun fara haɗa baƙi, sukan tambaye ni abin da za su karanta ma ƙananansu.

Shekaranjiya da la'asar ina komowa gida, na tarar da ɗan maƙwabcina a cikin lungu, yaro ɗan shekara biyar. Ya samu wani kwalin sabuni wanda kowa ya gama da shi, gefe guda ya yage, gindin ya sha mai. Ya huda shi ya ɗaura igiya, ya sa ƙanwarshi a ciki da duwatsu ukku, shina ja, shina ruri da baki. Lungun ƙunci gare shi, na tsaya a tsakiya. Ni da na karanta duk littattafan nan da na lissafa maka, buɗe bakin da zan yi sai na ce: "Kai, ina za ka da wanga kwali?"

Bai ko tsaya ba. Ya ce: "Mushe, kauce! Albasa ce daga Galmi, kuma kamyon ba shi da birki."

Na manne da bango sunka wuce.